Florijan Zorko da Motar da Ta Zame Mana Gida

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Florijan Zorko na garin Zlatar, yana da shekara saba'in da huɗu a duniya. Ya faɗi ne a gonar inabinsa da ke bayan gida, almakashin datse rassa yana hannunsa. Duk mai rai mamaci ne, wannan kowa ya sani. Amma sani daban, saukar labari a kunne daban.

'Yarka Tena ce ta buga mini waya, Florijan. Ina tsaye a bakin akurki da kwanon masara. Ta faɗa, na ce to. Ta sake faɗa, don ta zaci ban ji ba, na sake cewa to. Da muka ajiye waya na ƙarasa watsa wa kaji masararsu, na sauya musu ruwa, na kwashe ƙwai. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta: tana nan, amma ko an tsikare ta ba ta ji. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kanka tun hankalina yana wuri ɗaya.

Sunana Smiljana Vrga, tsohuwar mai dafa abincin makaranta, daga wani ɗan ƙauye a tuddan Banija kusa da garin Glina. Ba na cikin danginka, ba na cikin abokan aikinka na garejin motocin safa inda ka yi kanikanci har ka yi ritaya. Ni dai mace ce da ta yi shekaru tana kwana a cikin motarka.

Girgizar ƙasar ƙarshen Disamban 2020 ta same ni ina yanka kabeji. Mijina Gojko yana kan gado, don tun kafin nan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Bututun hayaƙin gidanmu ya rufto ta cikin rufi, bangon kicin ya buɗe baki har ana hango lambu ta ciki. Maƙwabta suka ɓalle ƙyauren ƙofar gida, suka ɗauko Gojko a kai, suka kai shi rumfar itace. A nan muka yi ta kwana muna tashi, shi a kan ƙyauren bisa damman ciyawa, ni a kan kujera, ƙasa tana ta motsi a ƙarƙashinmu ba ta gaji ba. Masu taimako sun zo da barguna da abincin gwangwani, Allah ya saka musu. Amma bargo ba rufi ba ne.

Wata safiya muka ji mota tana tari a kan hawa. Ta ɓullo cikin taɓo, tsohuwar mota mai ɗaki, kalar madarar da ta kwana, da labule mai furanni a tagoginta. Ka sauko, gajere, da hular ulu da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ba ka tambayi sunana ba. Ka dubi tsakar gida ka ce, "Maƙwabciya, ina ne ya fi shimfiɗa a nan? Tsohuwa ba ta son kwana a karkace." Na leƙa cikin motar ina neman matarka in yi mata sannu da zuwa. Ashe motar ce Tsohuwa.

Gojko harshensa bai shanye tare da jikinsa ba. Ya ji lafazinka, ya gane daga Zagorje ka fito, yankin da garinku Zlatar yake. Mu 'yan Otodoks ne, kai Katolika, duk Kiristoci amma coci daban-daban, kuma abin da mutanenka da mutanenmu suka yi wa juna a waɗannan tuddai lokacin yaƙi shekara talatin da suka wuce ba mai bukatar a tuna masa. Ya ɗaga murya daga rumfa ya ce, "Kai, mutumin Zagorje, ka san gidan wa ka shigo? Ka karanta sunan da ke jikin ƙofa kuwa?"

Ka ce, "Ƙofar ai kana kwance a kanta, ta ina zan karanta?"

Tun ranar da gidan ya faɗi ban ji dariyar Gojko ba sai a lokacin. Kafin la'asar yana kwance a gadon motarka, ƙarƙashin bargon matarka, kai kuma ka bi wata babbar motar masu taimako ka koma gida da 'yar jakar sifanoninka kawai. Kofunanku ka bar mana, da tukwanenku, har da 'yar tsintsiya.

Daga baya ne ka gaya mana da bakinka cewa matarka Ankica ba ta yarda da kyautar ba. Fiye da shekara talatin, duk lokacin zafi, a cikin motar nan kuke gangarawa bakin teku. A ciki Tena ta koyi rarrafe. Labulen nan Ankica ce ta ɗinka su. Ka ce da ka ɗauki makulli ta tsaya a bakin gareji ta ce in ka fita da ita kada ka dawo, kuma sai da sabuwar shekara ta tsufa sannan ta sake ce maka ci kanka. Ba ta taɓa zuwa ƙauyenmu ba. Amma duk zuwan da za ka yi, sai ka sauke farantin štrukli, nannaɗen cukun nan na mutanenku, ka ce, "Ankica tana gaishe ku." Na san gaisuwar taka ce. Cukun dai nata ne.

Mutane da yawa sun ba da motoci da ɗakunan da ake ja da mota a wannan sanyin, suka koma gida da ladansu. Abin da ya raba ka da saura shi ne ka yi ta dawowa. Kana cewa ba da tsohuwar mota ga wanda bai san halinta ba kamar ba shi kare ne ba a gaya masa yana cizo ba. A hankali ka koya mini halinta.

Ka sa katakai a ƙarƙashin tayoyinta har ta daidaita, don firijinta ba ya sanyi in tana karkace. Ka hana ni jan birkin hannu, ka ce in mota za ta daɗe a tsaye a bar ta a giya, a tokare taya da itace, in ba haka ba tsatsa ta manne birkin. Ka nuna mini batir biyu ne da ita, ɗaya na inji, ɗaya na fitilun ɗaki, kada in bar na ɗaki ya mutu murus, don batirin da ya mutu murus a cikin sanyi ba ya farfaɗowa da ƙarfinsa. Ka sa na zubar da ruwan tanki, na buɗe famfuna duka, domin ƙanƙara tana fasa tiyo a inda ido ba ya gani, sai lokacin ɗumi ya shigo mutum ya tarar da daɓe ya ruɓe. Da na yi ƙorafin gas ya ƙi kamawa da safe, ka ce ba ƙarewa ya yi ba, irin na lokacin zafi ne, sanyi yana kwantar da shi a tukunya. Ka kawo na hunturu, ka shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, muka tsuguna muna kallo ko za ta kumbura, alamar gas yana yoyo.

Ruwa shi ne babban abokin gabarka. Kullum cewa kake yi ba tsufa ke kashe irin wannan mota ba, laima ce. Da rufin ya fara ɗiga, daidai saitin goshin Gojko ya zaɓa. Gojko ya ce, "Ka gani ko? Fadan cocinku ne ya turo ka, baftisma kake so ka sake mini a ɓoye." Ka hau tsani, ka kankare tsohuwar robar tagar rufi wadda rana ta busar ta tsattsage, ka goge wurin tas, ka jira ya bushe, sannan ka liƙa sabuwa. Ka ce masu garaje suna shafa sabon danƙo a kan tsoho, ruwa kuwa ba wawa ba ne. Ka koya mini in riƙa bin bango da babban yatsa, musamman kusurwa da ƙarƙashin taga. Inda ya lotsa, ruwa ya riga ni. Ka ce in riƙa ɗaga katifa tana shan iska, in bar tagar rufi a ɗan buɗe komai sanyi, don numfashin mutum biyu ma ruwa ne, shi ke kwanciya a gilashi, shi ke kawo fumfuna.

In kun gama, sai ku zauna kai da Gojko da ƙananan kofuna. Shi ya kushe ruwan inabin Zagorje, ya ce tsaminsa zai cire tsatsar garma. Kai ka ce ai da shi kake wanke kan batir, saura ne kawai kuke sha. Ban taɓa jin kun ɗauko zancen yaƙi ba. Ban sani ba ko kun yi shi ina bakin rijiya.

Akwai ranar da ba zan iya tsallakewa ba. Cikin Fabrairun farko da muka yi a motar dusar ƙanƙara ta sauka da yawa. Na farka da ciwon kai kamar ana sara mini gatari, ga tashin zuciya, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na ɗauka mura ce. Gojko, wanda ke tashe ni da mita tun asuba, yana ta barci. Waya ta yi ta ƙara a kan tebur, ina jinta, ina cewa yanzu zan tashi. Kai kuwa ka ga yawan ƙanƙarar a talbijin da sassafe, ka tuna ba ka gaya mini zancen bututun hayaƙin hitar ɗumama ɗaki da ke saman rufi ba. Da ka buga ba a ɗauka ba, ka shiga ƙaramar motarka. Yadda ka ratso hanyar nan a ranar, Allah kaɗai ya sani. Wajen hantsi ka fizge ƙofa. Ban ji ka yi sallama ba. Ka kashe gas, ka tura ni waje, ka goya Gojko, ƙaton mutum da ya kusa ninka ka, ka zube shi a kan ƙanƙara kana marinsa kana kiran sunansa. Dusar ta toshe bututun, tsohuwar hitar kuma robarta ta saki, hayaƙin da ba shi da wari ya yi ta taruwa a kanmu. Likita ta ce da ka tsaya shan kofi a hanya, da gawa biyu ka tarar.

Da muka dawo daga asibiti na same ka a kan rufi kana ƙara wa bututun tsawo. Ka sauya robar hitar, ka kafa wata 'yar na'ura mai ihu kusa da gado. Ka nuna mini harshen wuta: shuɗi lafiya, in ya koma rawaya a kashe a buɗe ƙofa. Ka ce duk safiyar da ƙanƙara ta sauka, kafin kofi, kafin addu'a, in ɗauki tsintsiya in share rufi da ramukan iska na ƙasa. Na yi maka godiya, ka ce, "Maƙwabciya, bar godiyar nan. Saura ƙiris in kashe ku da alheri." Gojko ya ce daga gado, "Ai na faɗa tun farko, turo shi aka yi." Wannan karon ba ka yi dariya ba. Ka juya mana baya kana ta goge sifana ɗaya.

Da ƙanƙara ta narke ka ce dole Tsohuwa ta riƙa tafiya. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Motar da ke tsaye tayoyinta suna tsagewa ko ba su taka ƙasa ba, ɓeraye su shiga su ci wayoyi, birki ya daskare, man dizal ya tsufa a tanki. Ni kuwa tarakta kaɗai na taɓa tuƙawa. Ka zaunar da ni a bayan sitiyari, ka koya mini in murɗa makulli rabi in jira fitilar ɗumama inji ta mutu kafin in tayar, in duba baƙin mai da ruwan lagireto tun injin yana sanyi, in riƙa sa ido a kan allurar zafi a hawa. Ka ce bel ɗin cikin inji shekaru ke cin sa, ba nisan tafiya ba, kuma ranar da ya tsinke injin ya tafi. Ka sauya shi da kanka a tsakar gidanmu, kana kwance a kan kwali. Daga nan duk ranar kasuwa nakan tuƙa gidanmu ɗungurungum zuwa Glina, Gojko yana ɗaure a gado yana ba ni umarni. Mutumin da ya yi shekaru bai ga komai ba sai rufin ɗaki, ya sake ganin kogi da gonaki ta taga.

A cikin motar Gojko ya cika, a farkon bazarar 2022, da rana, tagar rufi a buɗe. Ka zo jana'iza da baƙar kwat wadda ta yi maka yawa. Ka tsaya can baya a cikin cocinmu ba ka san lokacin tsayuwa da na sunkuyawa ba, kana satar kallon na kusa da kai. Da aka zo ɗaukar akwati ba wanda ya kira ka, ka dai matso ka sa kafaɗa.

Da aka gama mini sabon ɗan gidana na katako, na wanke motar ciki da waje, na wanke labulen na goge, na ce ka zo ka ɗauki abarka. Ka zagaya ta, ka danna bango da yatsa, ka leƙa ƙarƙashinta inda tsatsa ke fara cin bakin taya. Ka ce idonka ba ya ganin hanya sosai yanzu, in ta koma garejinka tsayuwa za ta yi ta mutu. "Bar ta a hannun da ta saba da shi tukuna." Zuwanka na ƙarshe, cikin kaka, Tena ce ta tuƙo ka. Ka zauna a kan kututture kana cin tuffa, ni ina zubar da ruwan tanki. Ba ka gyara mini ko abu ɗaya ba. Ka ce sai an datse inabi za ka leƙo.

Ranar jana'izarka na tashi da wuri. Na duba mai, na duba ruwa, na cire itacen da ke tokare da taya. Ba na jin na yanke shawarar tafiya da ita. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Ban taɓa wuce Glina da ita ba. Na bi ƙananan hanyoyi, manyan motoci suna ta yi mini ham, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na ajiye ta can nesa da ƙofar maƙabarta, na tsaya a bayan jama'a. An yi addu'a, an sauke ka, na ji ƙarar ƙasa a kan katako. Ina kallo kamar ta bayan gilashi.

Da mutane suka fara watsewa na hango wata farar tsohuwa da sanda ta bar layin masu gaisuwa, ta nufi inda motar take. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba. Na bi ta a baya, makulli a hannuna, na shirya abin da zan ce. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ke ce wadda ta cinye mini mota."

Na ce, "Ni ce, Yaya Ankica. Ga ta na kawo miki."

Ba ta karɓi makullin ba. Ta ce in buɗe. Na taimaka mata ta hau, ta zauna a kujerar gefen direba, ta jingina sandarta a inda na tabbata nan take jingina laima a da. Ta shafa labule, ta murza bakinsa tsakanin yatsunta. Ta buɗe ɗan akwatin gaba ta rufe. Sannan ta ce, tana kallon gilashi ba ni ba, "Kin iya gangaren teku da ita? Akwai kwana-kwana a hanyar. Shi giya ta biyu yake sa mata, ba ya taka birki."

Na ce ban taɓa ba, amma zan iya.

Ta ce, "Ni ban iya tuƙi ba. Shekara huɗu ban ga ruwan ba, saboda taurin kaina da nasa. In zafi ya shigo ki zo ki ɗauke ni."

Na ce to. Muka zauna a ciki mu biyu, ba mai kuka, har Tena ta zo ta ƙwanƙwasa taga ta ce ana jiran mahaifiyarta a wurin cin abinci.

Ga inda muke ke nan, Florijan. Motar tana tsakar gidana a kan katakanta. Kafin watan Yuni zan sa a duba birki da tayoyi, in cika tanki in ga ko akwai inda ke yoyo. Abin da zan iya yi maka ke nan, shi nake yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Ankica, da Tena da mijinta da 'ya'yansu, da abokan aikinsa na gareji, da mutanen Zlatar baki ɗaya. Haka kuma ga sauran gidajen Banija da ya riƙa bi da jakar sifanoninsa yana toshe musu yoyo, waɗanda wasunsu har yau ba su san cikakken sunansa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Ubangiji, bawanka Florijan ya zo gare ka. Ka ji ƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka sa ƙasa ta yi masa sauƙi, ka kai haske kabarinsa. Ya tarar da mu a waje ya shigar da mu. Kada ka bar shi a waje. Ka sa ya huta. In tamu ta zo, ka sa mu cika da kyau. Amin.

Smiljana Vrga
Banija, Fabrairu 2025